Wa'adi Ma Cikin Dokar Wasa Yake

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Rule the Waves, wanda Fredrik Wallin ya tsara, kamfanin Naval Warfare Simulations kuma ya fitar a 2015. Ba wasa ne mai ƙyalƙyali ba. Taswira ce da jadawalin alƙaluma da zanen jirage irin na littafin injiniya. Mai wasa yakan zama shugaban rundunar sojan ruwa ta ɗaya daga manyan ƙasashen farkon ƙarni na ashirin, ko Birtaniya ko Jamus ko Faransa ko Italiya ko Rasha ko Japan ko Amurka ko daular Ostiriya da Hangari. Ana ba shi kasafin kuɗi, shi ne zai zana jiragensa, ya yanke kaurin sulke da girman igwa da ƙarfin inji, ya jira shekara biyu ko uku kafin ma'aikata ta sauke masa jirgi guda a ruwa, ya kuma yi ta fama da 'yan siyasar da ke tsokano yaƙi lokacin da bai shirya ba, su sulhunta lokacin da yake kan nasara. Kowane zagaye wata guda ne. Wasan yana farawa a 1900, wa'adinsa kuma 1925, wato zagaye kusan 300, daga nan a yi wa mutum hisabi a auna martabar da ya tara. Amma an bar ƙofa a buɗe: wanda ya so yana iya zarcewa har 1950, akwai kuma masu shiga fayil ɗin ajiyar wasan su taɓa alƙaluma domin su ƙara wa kansu kwana. A kan wannan ƙofar nake so in yi magana. Ra'ayina shi ne wa'adin irin wannan wasa yana cikin dokokinsa, daidai da dokar da ta faɗi nisan da harsashi ke zuwa, kuma wanda ya tsallake shi riƙe da tsofaffin dokoki yana koya wa kansa tarihin da bai faru ba, wanda ma ba shi da hanyar faruwa.

Mai karatu na iya tambayar me ya kai zancen wasa shafin jarida. Dalili na farko shi ne matasa da yawa a yau ta irin waɗannan wasanni suke fara jin sunan Tsushima da Jutland da Midway, kafin su taɓa ganinsu a littafi, kuma abin da mutum ya koya da hannunsa, ya ci ya kuma sha kaye a cikinsa, ya fi zama a rai fiye da abin da ya karanta. Dalili na biyu shi ne wasan yaƙin teku ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Fred Jane ya wallafa dokokin nasa a 1898, kuma rundunonin duniya sun daɗe suna shimfiɗa ƙananan jirage a daɓen ɗaki suna gwada yaƙin da suke tsoro. Saboda haka tambayar yaushe wasa ya kamata ya tsaya tambaya ce da aka taɓa biyan kuskurenta da rayuka. A nan ne irin wannan wasa ya sha bamban da dara. Dara ba ta da kalanda. Yadda kakanninmu suka jera uku suka ci, haka jikokinmu za su jera, domin dara ba ta yi iƙirarin kwaikwayon wani zamani ba. Wasan da ya rubuta 1900 a goshinsa kuwa ya ɗauki alkawari cewa abin da ke faruwa a cikinsa yana kama da abin da zai iya faruwa a wannan shekara. Kowane wata da aka ƙara a kalandarsa sabon alkawari ne, kuma dole a duba ko lissafin da ke ƙarƙashi zai iya cika shi.

Shekaru 25 na farkon ƙarnin suna da wata haɗakar da ta sa za a iya kama su da lissafi guda. A Tsushima, ranakun 27 da 28 ga Mayu 1905, Admiral Togo na Japan ya tarwatsa rundunar Rasha da ta taso tun daga tekun Baltik, babban ɓangarenta ya zagayo Afirka yana tsayawa shan gawayi a Dakar da gaɓar Gabon da Madagaska, kuma da igwa aka yanke hukuncin, sai topido da ya ƙarasa da dare. A 1906 Birtaniya ta sauke Dreadnought, mai manyan igwa goma masu bakin inci 12 da injin da ya ba shi gudun da babu babban jirgin yaƙin da ya kai, sai duk manyan jiragen da aka ƙera kafinsa suka koma tsoffin yayi, har da na Birtaniyar kanta. A Jutland, daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1916, jirage kusan 250 suka yi arangama, Birtaniya ta rasa 14 da mutum sama da 6,000, Jamus ta rasa 11 da mutum wajen 2,500. Sannan a 6 ga Fabrairu 1922 aka sa hannu a yarjejeniyar Washington, aka ƙayyade nauyin babban jirgi kada ya wuce tan 35,000, igwa kada ta wuce inci 16, aka raba ƙarfi tsakanin Birtaniya da Amurka da Japan bisa 5 da 5 da 3, aka kuma dakatar da ƙera manyan jirage na shekara goma. Duk tsawon wannan lokaci tambayar maƙerin jirgi ɗaya ce: a cikin nauyin da aljihu zai iya biya, nawa za a ba igwa, nawa za a ba sulke, nawa za a ba gudu. Jirgin ƙarƙashin ruwa da nakiya sun yi ɓarna mai yawa, wasan ma ya san da su, amma sarautar teku tana hannun mai babbar igwa. Wannan ciniki na abu uku shi ne zuciyar Rule the Waves na farko, kuma ya kama shi da kyau.

Abin da babu a cikinsa shi ne jirgin sama. Zuwa 1925 rashinsa ƙaramin giɓi ne. Eugene Ely ya tashi daga kan jirgin ruwa a 1910 ya kuma sauka a kan wani a 1911, Birtaniya ta samu Argus, jirgin dakon jiragen sama, a 1918, Amurka da Japan sun samu irinsa, Langley da Hosho, a 1922, Billy Mitchell ya nutsar da tsohon jirgin Jamus Ostfriesland da bama-baman jiragen sama a Yulin 1921, amma jirgin yana tsaye ne cik, babu kowa a ciki, babu mai harbi daga gare shi. Maƙerin wasa zai iya kau da kai daga wannan duka bai yi wa tarihi babban laifi ba. Matsalar tana farawa ne da zarar an danna a ci gaba. Jerin ƙirƙire-ƙirƙiren da aka tanada domin shekara 25 yakan ƙare, kowace ƙasa ta gama gano abin da za a gano, girman jirgi ya kai iyakar da wasan ya yarda, sai kowa ya dawo yana ƙera ƙattai iri ɗaya. Kalanda tana cewa 1938, tana cewa 1944, amma sararin sama fayau yake, babu abin da ke faɗowa daga cikinsa. Mai wasa yana tara manyan jirage yana cin yaƙi da su a shekarun da, a duniyar gaske, irinsu suke nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wasan yana saka masa da yabo a kan haka, domin bai san wani abin da zai hukunta shi da shi ba.

A duba abin da waɗannan shekaru suka ƙunsa. Daren 11 ga Nuwamba 1940 jiragen Swordfish 21, masu fukafukai biyu da jikin ƙyalle, suka tashi daga jirgin dakon Birtaniya Illustrious suka kassara manyan jiragen Italiya uku a tashar Taranto. Ranar 7 ga Disamba 1941 aka kai harin Pearl Harbor. Kwana uku bayan haka, a gaɓar Malaya, jiragen saman Japan da suka taso daga yankin Saigon suka nutsar da manyan jiragen Birtaniya Prince of Wales da Repulse suna cikin tafiya, suna kaucewa, suna harbi da duk abin da suke da shi. Mutum kusan 840 suka mutu, har da Admiral Tom Phillips, Japan kuwa jirage uku aka kakkaɓo mata. A watan Mayun 1942, a tekun Coral, aka yi yaƙin farko da jiragen ruwan ɓangarorin biyu ba su ko hango juna ba. Wata guda bayan nan Japan ta rasa jiragen dako huɗu a Midway, yawancin manyan jiragenta masu igwa kuma suna can baya da nisan ɗaruruwan mil, ba su harba ko ɗaya ba. Igwar da ta fi kowace girma ba ta jefa harsashi fiye da kilomita 42, jirgin sama kuwa yana kai bom kilomita 300 ya dawo. Wannan sauyi ba ƙarin lamba ba ne a cikin tsohon jadawali, wanda za a ce a ɗan ƙara kaurin sulke a magance shi. Tambayar ce gaba ɗaya ta sake, ta koma wa zai fara ganin wani, wa zai fara tayar da jiragensa.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi shi ne kuskuren mai zarce wa'adi shi ne ainihin kuskuren da hafsoshi na gaske suka yi. Japan ta ci Tsushima, sai ta shafe shekara 35 tana shirya Tsushima ta biyu, babban karo guda na manyan igwa da zai yanke yaƙi da Amurka a yini ɗaya. Da ta fice daga yarjejeniyar Washington sai ta kafa ƙashin Yamato a Kure a Nuwambar 1937, jirgi mai nauyin tan kusan 72,000 in ya cika, da igwa tara masu bakin santimita 46, kowane harsashi ya doshi tan ɗaya da rabi. A lissafin 1916 babu abin da zai tsaya gabansa. Sau ɗaya tak ya harbi jiragen ruwan abokan gaba da manyan igwarsa, a Samar, ranar 25 ga Oktoba 1944, kwana guda bayan jiragen sama sun nutsar da ɗan'uwansa Musashi. Ranar 7 ga Afrilu 1945, a hanyarsa ta zuwa Okinawa, jiragen sama kusan 400 suka yi masa rubdugu, ya nutse da mutum sama da 3,000, Amurka ta rasa jirage 10 da mutum 12. Ba wai Japan ba ta san jirgin sama ba, ita ce ma ta fi kowa iya amfani da shi a 1941. Amma wani ɓangare na hafsoshinta ya ci gaba da buga wasan 1905 a kalandar 1940, ya zuba ƙarfe da kuɗi da ƙwararrun ma'aikata a inda tsohon lissafi ya ce a zuba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma mutum 3,000 ɗin nan su suka biya kuɗin rawar da ba a sauya ba.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce mafi sauƙi: mutum da kuɗinsa ya sayi wasa, a ɗakinsa yake, babu wanda zai nutse, ina ruwan wani da shekarar da ya kai? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari ta fuskar haƙƙi. Ban ce a kulle fayil ba, ban ce a hana kowa ba, kuma ina ganin maƙeran da ke barin wasanninsu a buɗe ga mai son gyara sun kyauta. Amma samun haƙƙin yin abu bai amsa tambayar me abin yake koyarwa ba. Wanda ya zaɓi wasan da aka cika da kaurin sulke na gaske da saurin harsashi na gaske ya zaɓe shi ne domin yana son ɗanɗanon gaskiya. Da nishaɗi kawai yake nema, wasannin jiragen da ke yawo a tsakanin taurari sun cika kasuwa. In ya ketare 1925 ya rasa abin da ya kawo shi, sau da yawa kuma bai lura ba, saboda taswirar ba ta sake ba, sunayen ƙasashe ba su sake ba, shekarar da ke kusurwar allo tana ta tafiya kamar komai lafiya.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta sa ban goyi bayan a datse wasa kamar da wuƙa ba. Babban jirgi yana cin shekara uku a ma'aikata. Wanda ya zana mafi kyawun jirginsa a 1922, bayan shekara ashirin yana koyo daga kurakuransa, zai karɓe shi ne ana gab da tashi, bai ga ko harbinsa na farko ba. Wani kuma wa'adi yakan riske shi a tsakiyar yaƙi, ya killace tashoshin abokin gaba, saura ƙiris gwamnatin can ta faɗi. A ce masa ya tashi haka nan akwai ciwo, kuma ciwon na gaskiya ne. Bayan wannan akwai wani abu da masu kare wa'adi ba su cika faɗa ba, wato wa'adin da aka sani shi ma yana haifar da tasa ƙaryar. Mai wasan da ya san duniya za ta ƙare a 1925 zai daina kashe kuɗi a bincike tun 1922, ya daina kafa sababbin jirage, ya tsokano yaƙin ƙarshe domin ya tara maki, alhali babu shugaban rundunar da ya taɓa yin haka, domin kowannensu ya san zai miƙa wa magaji. Wanda ya san zai iya zarcewa ya fi yin wasa kamar mai riƙon amana. Amsata ita ce wannan hujja ce ta ƙarin lokaci irin na ƙwallon ƙafa, minti 30 da ake bayarwa domin a ƙarasa abin da aka fara da 'yan wasan da ke fili. A bar yaƙin da ake ciki ya kai ƙarshensa, a bar jiragen da ke ma'aikata su sauka, a bar shekara uku ko biyar, kuma hisabin ya haɗa da lafiyar rundunar da mutum ya bari, yadda mai cinye jarin gobe ba zai ci riba ba. Tsakanin 1925 da 1930 lissafin igwa da sulke bai yi nisa da gaskiya ba. Hujjar ba ta kai a ce a ƙara shekara 25 ba, wato a ninka wasan biyu, rabinsa na biyu a duniyar da dokokinsa ba su taɓa gani ba.

Suka ta uku ta masu ilimin tarihi ce. Za su ce ai duk wasan "da a ce" ne. A cikinsa Italiya na iya yaƙar Amurka a 1908, Ostiriya na iya mallakar tsibirai a Asiya, to me zai hana a yi tunanin duniyar da jirgin sama ya makara? Za su ƙara da cewa babban jirgi bai mutu a 1941 ba. Jiragen Jamus Scharnhorst da Gneisenau sun nutsar da jirgin dako Glorious da igwa a 8 ga Yuni 1940. Bismarck topidon jirgin sama ne ya lalata masa abin juya akala, amma igwar Rodney da King George V ce ta ragargaza shi a Mayun 1941. Jirgin Amurka Washington ya kashe Kirishima na Japan da dare a Guadalcanal a Nuwambar 1942, Duke of York ya gama da Scharnhorst cikin duhun arewacin Norwe a 26 ga Disamba 1943, inda jirgin sama ba ya iya tashi. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana gyara wa masu cewa babban jirgi shirme ne tun 1921. Sai dai misalan da kansu suna nuna inda aka koma: dare, hazo, hunturun ƙarshen duniya, ko sakacin kwamandan da bai tayar da jirgin sintiri ba. Babban jirgi ya rayu ne a gurbin da jirgin sama ya bar masa, kuma ba za a gane wannan gurbi a wasan da babu jirgin saman ba. Game da "da a ce" kuwa, akwai bambanci tsakanin sauya shawarar mutane da goge abin da masana'antu suka riga suka iya. Italiya ta yaƙi Amurka shawara ce, ana iya yin ta ko a fasa. Amma ƙasashen da ke ƙera injin da zai tura tan 40,000 a teku su kasa ɗora bom a jirgin sama har 1950, bayan sun yi hakan tun yaƙin 1914, wannan ba wani zaɓi ba ne da wani sarki ko minista zai iya yi. Giɓi ne a cikin lissafi, kuma kiransa madadin tarihi ba ya cike shi.

Akwai misali na yadda ake tsawaita wasa da gaskiya, a Kwalejin Yaƙin Ruwa ta Amurka da ke Newport. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu an buga wasanni sama da 300 a can, da yawansu a kan yaƙi da Japan. Abin da ya ba su daraja shi ne dokokinsu ba su tsaya wuri ɗaya ba. Tun zamanin shugabancin Admiral William Sims aka shigar da jiragen sama, aka kuma gano wani abu da lissafin igwa bai sani ba: igwa tana zuba wuta ne kamar ruwan famfo, kaɗan-kaɗan ba yankewa, harin jiragen sama kuwa dunƙule yake zuwa lokaci guda, don haka wanda ya riga kai hari yana iya gama yaƙin kafin ɗayan ya motsa. Joseph Reeves ya bar kwalejin a 1925 ya tafi ya gwada wannan a kan Langley, ya matsa wa ma'aikata har suka ninka yawan jiragen da ake iya tayarwa. Rundunar ta yi manyan atisaye 21 a teku daga 1923 zuwa 1940, ciki har da na Janairun 1929 da jirgin dako Saratoga ya kai harin gwaji kan mashigin Panama, kuma abin da aka gani a ruwa yakan dawo Newport a gyara alƙaluman wasa da shi. Shi ya sa Admiral Nimitz ya iya cewa a 1960 babu abin da ya zo musu ba zato a yaƙin Pasifik in ban da 'yan ƙunar baƙin wake na kamikaze. Newport ta kai wasanta daga 1919 zuwa 1941 ne ta hanyar sake rubuta shi kusan kowace shekara.

Kishiyar wannan ta faru a cikin Yamato kansa, a farkon Mayun 1942, lokacin da hafsoshin Japan suka buga shirin Midway a kan tebur. Alƙalin wasa ya jefa ƙwayar ƙuri'a, irin wadda ake jefawa a ludo, ya yanke cewa bom tara sun samu jiragen dakon Japan, Akagi da Kaga sun nutse. Admiral Ugaki Matome ya rage su zuwa uku, Akagi ya tsira, daga baya kuma Kaga ya sake bayyana a zagayen da ya shafi Fiji da Sabuwar Kaledoniya. Adalci ya sa a faɗi cewa masana tarihi da dama suna ganin Ugaki bai yi kuskure a kan alƙaluman ba, domin manyan jiragen bom na tudu ba su samu ko jirgi ɗaya ba a yaƙin na gaske. Laifin yana wani wuri: wasan ya tsaya a kan tambayar me za a yi in rundunar Amurka ta ɓullo daga gefe, aka amsa ta sama-sama, aka wuce domin jadawali ya ce akwai sauran zagaye. Wata guda bayan nan ta gefen ta ɓullo. Shekara 60 bayan haka, a atisayen Millennium Challenge na 2002, Janar Paul Van Riper, wanda ke riƙe da ɓangaren abokan gaba, ya nutsar da jiragen Amurka 16 a lissafin wasa da ruwan makamai masu linzami da ƙananan jiragen ruwa. Aka tayar da jiragen aka ci gaba, da hujjar cewa an tara dubban sojoji da kuɗi dala miliyan 250, ba za a tashi a kwana na biyu ba. Hujjar tana da ma'ana, amma Van Riper ya yi ƙorafin cewa bayan an tayar da su an ɗaure masa hannu. A duka biyun wasan ya kai inda yake da abin faɗa, sha'awar ci gaba ta rinjayi sauraro.

Saura zargin kasuwanci, cewa ana sa wa'adi ne domin a sayar wa mutane kashi na biyu. Ba na musun cewa masana'antar wasanni ta san wannan dabara. Amma a wannan misali abin da ya biyo baya ya wanke maƙerin. Rule the Waves 2 ya fito a 2019, shekara huɗu bayan na farko, kuma abin da ya cinye shekarun shi ne jiragen dako da filayen jiragen sama na gaɓa da sintiri da rada da bindigogin kakkaɓo jirage, wato sabon wasa da aka gina a kan tsohon domin kalanda ta iya kaiwa shekarun 1950 ba tare da ƙarya ba. Na uku, wanda Matrix Games ya fitar a 2023, ya ja farkon baya zuwa 1890 ya tura ƙarshen zuwa 1970, sai da aka ƙara jiragen jet da makamai masu linzami. Da ƙara shekaru abu ne na sauya lamba guda, da an yi shi a yini ɗaya. Haka abin yake a sauran wasannin tarihi. Europa Universalis IV yana tsayawa a 1821, kafin jirgin ƙasa da masana'antu su rushe lissafinsa na sarakuna da fatake, Victoria kuma yana ɗauka daga 1836 ya ajiye a 1936, a bakin yaƙin da tsarinsa na kasuwa da majalisa ba zai iya ɗauka ba. Civilization, a yawancin fitowarsa, yana rufe maki a 2050 ya bar mutum ya ci gaba in yana so, ba tare da an ƙara masa komai a hisabi ba, kuma wannan tsari ya fi kusa da abin da nake ganin daidai ne.

Abin da nake nema daga maƙera kaɗan ne. Su bar ƙofar, amma su rubuta a kanta ƙarara cewa daga wannan shekara lissafinsu bai san jirgin sama ba, ko bai san makami mai linzami ba, su rufe hisabi a wa'adi, su ba da 'yan shekarun ƙarasawa. Daga masu wasa kuma, musamman malamai da iyayen da ke miƙa wa yara irin waɗannan wasanni domin su so tarihi, ina neman su riƙa tambayar me ya faru a duniya a shekarar da wasan ya tsaya, me ya sa maƙerin ya ji tsoron wuce ta. Masu gwanintar gyaran fayil kuwa, ƙoƙarinsu ya fi amfani in sun kashe shi wajen ƙara abin da ya ɓace maimakon tura kalanda kawai. Ko 1970 ɗin na yanzu iyaka ce mai dalili. A 21 ga Oktoba 1967 ƙananan jiragen Masar suka nutsar da jirgin yaƙi Eilat na Isra'ila da makamai masu linzami daga bakin Port Said, wasan na uku yana iya kwaikwayon irin wannan. Amma a Afrilun 2022 Moskva, jagoran rundunar Rasha a Baƙin Teku, ya nutse a yaƙi da ƙasar da kusan ba ta da manyan jiragen ruwa, Yukren ta ce makamanta na Neptune ne, Rasha ta ce gobara ce, bayan haka kuma ƙananan jirage marasa matuƙi, cike da nakiya, ana sarrafa su daga nesa ta tauraron ɗan'adam, suka taimaka wajen tilasta wa yawancin rundunar barin Sebastopol zuwa Noborosisk. Wanda ya tura kalandar Rule the Waves 3 har 2022 zai iske tashoshinsa lafiya lau, jiragensa a jere a bakin gaɓa, domin babu layi ko ɗaya a dokokin wasan da ya san irin wannan ƙaramin jirgi.